Ko Kun Sani? Ko a Sararin Samaniya, Maki Ɗaya Ne

A wasan Geocaching, inda ake bin na'urar GPS a nemo akwatunan da wasu suka ɓoye, wanda ya gano akwati a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da wanda ya tsinci nasa a gindin bishiyar unguwa, maki ɗaya kowannensu ke samu. Akwatin na sama kuwa yana nan da gaske: Richard Garriott ne ya ajiye shi a 2008, ɗan sama-jannatin Amurka Rick Mastracchio ya sa hannu a kansa a 2013.

Wani zai ce ai wannan ba adalci ba ne, tunda mai tsintar na kusa zai tara dubbai ya bar mai hawan dutse a baya. Gaskiya ne, amma jimillar ba ita kaɗai ake dubawa ba. Kowane akwati yana da ma'auni biyu, wahalar ganowa da wahalar hanya, daga 1 zuwa 5, ana hawa da rabi-rabi. Matakai tara sau tara sun ba da gurbi 81, kuma cike su duka shi ne abin da gogaggu ke tinƙaho da shi. Da a ce wahala na ƙara maki, da rigima ta yi yawa, domin mai akwatin ne da kansa ke yanka ma'aunin, kuma dutsen da wani ya kira 4, wani 2 zai ba shi.