Sharaɗi Kafin Zubi: Gyaran Da Ya Ci Wa Masanan Kwamfuta Shekaru

Duk magini a Kona ko cikin garin Jalingo ya san mazubin bulo ɗaya ne, amma ba kowace ƙasa ce take kamawa a cikinsa ba. Irin wannan matsala ce ta daɗe tana damun masu rubuta umarnin kwamfuta da harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup, mutumin Denmak, ya fara ƙirƙirowa a Amurka a 1979.

A wannan harshe akwai wani tsari mai kama da mazubi, watau a rubuta umarni sau ɗaya, sa'an nan ya yi aiki a kan abubuwa iri-iri. Misali, umarnin jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba yana iya jera adadin buhunan masara, yana kuma iya jera sunayen manoma. A kan wannan dabara Alexander Stepanov ya gina taskar umarnin da kwamitin harshen ya karɓa a 1994.

To, amma mazubin ba ya faɗin irin abin da zai karɓa. Idan aka zuba masa abin da ba ya gwaduwa da ɗan'uwansa, tafintan da yake mai da umarnin zuwa harshen na'ura ba zai farga ba sai ya nutsa can cikin aikin, sa'an nan ya zubo ƙorafi shafi-shafi. Ɗalibi sai ya wuni yana neman kuskuren layi ɗaya, wani ma har ya yi fushi ya bar harshen.

Maganin da masana suka kawo shi ne a rubuta sharaɗi a bakin mazubin, a ce ba a yarda da komai ba sai abin da za a iya cewa wannan ya fi wancan. Sunan wannan tsari concepts. An yi niyyar sa shi cikin ƙa'idar 2011, amma a taron Frankfurt ta Jamus a Yulin 2009 kwamitin ya cire shi, domin ya yi sarƙaƙiya da yawa. Aka koma aka sauƙaƙa shi, aka amince da shi a Toronto a 2017, ya fito cikin ƙa'idar 2020.

Yanzu tun a bakin ƙofa tafintan yake tsai da mai kuskure, ya gaya masa sharaɗin da ya karya. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, sun tarar da gyaran da na gabansu suka yi ta jira.