Girman Samfuri da Ƙarfin Kankare a Darasin Fasahar Gini

Tun daga 1991, da Jalingo ta zama babban birnin Jihar Taraba, ake ta zuba kankare a garin, kuma ɗaliban da za su gaji aikin suna buƙatar bayanin gwajinsa da Hausa. Ana ɗibar kankare yana ɗanye a zuba a mazubi, a jiƙa dunƙulen a ruwa har ya cika kwana 28, sannan inji ya danne shi har ya fashe. Idan aka raba nauyin da ya fasa shi da faɗin fuskarsa, an sami ƙarfin jure danniya. A Nijeriya, bisa gadon ƙa'idojin Ingila, an fi amfani da dunƙule mai siffar akwati, kowane gefe milimita 150. Fuskarsa murabba'in milimita 22,500 ce. In ya fashe a niyuton 562,500, ƙarfinsa 25 ke nan.

Ɗalibi zai ɗauka cewa wannan rabawa ta kawar da batun girma. Ba haka ba ne. A kwaɓa yashin kogin Lamurde da tsakuwa da siminti kwaɓi guda, a cika mazubi mai milimita 100 da mai 150: galibi ƙaramin zai nuna ƙarfi fiye da babban. Dalili shi ne kankare ba ya rasa ƙananan kofofin iska da tsagu, musamman inda siminti ya haɗu da tsakuwa, kuma daga mafi raunin waɗannan fashewa take farawa. Babban dunƙule ya fi yiwuwar ɗauke da mugun aibi. Waloddi Weibull, injiniya ɗan Suwidin, ya tsara lissafin wannan a 1939.

Tasirin siffa ma ya fi na girma. A Amurka silinda ake gwadawa, mai kaurin milimita 150 da tsawon 300. Farantan injin suna riƙe sama da ƙasan samfuri, suna hana shi buɗewa. Wannan riƙo yana game gajeren dunƙule kusan duka, amma ba ya kaiwa tsakiyar silinda, don haka silinda takan ba da kimanin kashi 80 cikin ɗari na abin da akwati ya bayar. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta EN 206 take rubuta C25/30: 25 na silinda, 30 na akwati, alhali kankaren ɗaya ne. Wanda ya rikita su yana iya amincewa da ginshiƙin da bai kai ba.

A nan harshe yake shigowa. Jimlar "ƙarfin kankaren 25 ne" daidai take a nahawu, amma a ganina guntuwa ce, domin ta mai da sakamakon awo tamkar halin kankaren kansa. Saboda haka muke ba da shawarar littafin ɗalibi ya riƙa cewa "ƙarfin da aka auna", ya kuma tanadi gurbin siffa, girma da kwanakin samfuri a jadawalin kowane gwaji.