Daga Karaye zuwa bakin moda: a ina ruwan sha ke lalacewa?

Wani kaso mai yawa na ruwan da ke fitowa daga famfunan birnin Kano daga ƙasar Karaye ya taso. A can madatsar Challawa take, wadda aka kammala a 1992, mai iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Daga nan ake sakinsa ya bi kogin Challawa har matatar da ke kusa da Panshekara, wadda aka gina tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Can gaba kuma ga sabuwar matatar Tamburawa, da aka gina a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau don tace lita miliyan 150 a kullum.

Tambayar da ke bakin mutanen birni kullum ita ce: “An kawo ruwa?” Da wuya ka ji mai cewa wane irin ruwa aka kawo, domin wanda ya yi mako famfonsa a bushe ba ya tsayawa zaɓe. Amma a ganina tambayoyin nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Famfon da ke zuwa yau ya ɗauke gobe, ɗaukewar tasa ce ke gurɓata ruwan da zai kawo jibi.

Idan ruwan kogi ya shiga matata, jajawur yake da laka, musamman da damina. Sai a zuba masa alimun, wanda ke sa ƙananan ɓurɓushin laka su dunƙule su yi nauyi su kwanta a ƙasan tafkunan da aka gina don haka. A ɗebi na sama a bi da shi ta cikin yashi da tsakuwa, sannan a sa masa kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Jerin nan ba a yi masa tsallake. In ba a kwantar da lakar sosai ba, ƙwayoyin cuta na ɓuya a jikinta, kulorin ya ƙare a kan datti bai kai gare su ba. Shi ya sa ranar da alimun ya yanke ko wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ba launin ruwa kaɗai ke canzawa ba.

Ma'aunin kuwa a rubuce yake. Nijeriya na da ƙa'idar ingancin ruwan sha da aka fitar a 2007, aka sake duba ta a 2015, kuma ta yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan babban sharaɗi: kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa. Wannan ƙwaya a hanjin mutum da dabba take zama, don haka ganinta shaida ce cewa bahaya ya taɓa ruwan. Ana kuma son ragowar kulorin ta raka ruwan har bakin famfo, aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita. Ɗan warin nan da wasu ke yamutsa fuska a kansa, shi ne alamar cewa ruwan ya iso da mai tsaronsa.

Ɓarna mafi girma a hanya take faruwa. Muddin bututu cike yake da ruwa mai ƙarfi, ko ya tsage, waje ruwan zai riƙa tsartuwa, datti ba ya samun ƙofar shiga. Da zarar an ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai lamarin ya juye: ya shiga zuƙar abin da ke kewaye da shi, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinken roba. To, duba inda bututunmu suke bi. A lungunan cikin birni za ka ga siririn bututun roba kwance tsamo-tsamo a cikin kwata, an ɗaure mahaɗarsa da tsohon tsumman tayar keke, baƙin ruwa na wucewa ta kansa dare da rana. Wasu kuma sun fasa babban layi sun jona ba bisa ƙa'ida ba, wasu sun sa inji suna ja da ƙarfi don su riga maƙwabta, abin da ke ƙara zuƙo ƙazanta. Ruwan farko da ke fitowa bayan doguwar ɗaukewa, mai launin shayi da ɗan tsami, shi ne wankin wannan hanya. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kano ta taɓa biyan kuɗin wannan darasi da rayuka. Tsakanin Disambar 1995 da Mayun 1996 an samu mutum 5,600 da suka kamu da amai da gudawa a jihar, 340 suka rasu. Masu binciken da suka bi diddigin marasa lafiya a Asibitin Zana sun gano cewa waɗanda suka kamu sun fi yawa cikin masu shan ruwan da ake tallarsa a titi da marasa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, masu shan ruwan famfo a cikin gidajensu kuwa sun fi tsira. Ba na ɗora wa 'yan garuwa laifi. Ba don kurarsu ba da unguwanni da yawa sun tashi. Sai dai jarkar da ta yi watanni ba ta ga sabulu ba, aka cika ta a inda babu mai aunawa, aka juye a randa mai buɗaɗɗen baki da kowa ke tsoma moda da hannunsa, ta ba cuta ƙofofi uku. A 2021 annobar ta dawo, ta kama sama da mutum dubu 100 a faɗin ƙasar, ta kashe fiye da 3,500, kuma Kano na sahun gaba.

Akwai kuma abin da kulorin ba ya iyawa. Masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna sakin ruwan aikinsu, wanda ke ɗauke da sinadarin kuromiyam, a magudanun da ke ƙarewa a kogi. Irin wannan a bakin masana'anta ake tare shi.

Abin da ya fi damuna shi ne halin mutanen da ke can inda ruwan ya taso. Ana tace ruwa a Kusalla, ƙasar Karaye, amma mazauna ƙauyuka irin na Ruwan Bago da Zarewa da Fulatan a Rogo, maƙwabciyar Karaye, galibi da rijiya da tuƙa-tuƙa suka dogara. Ruwan burtsatse yakan fito garau, shi ya sa ake amince masa ido rufe, alhali ido ba ya ganin ƙwayar taifot. Idan rijiya ta yi kusa da masai, ruwan damina na iya sada su ta ƙarƙashin ƙasa. Shawarar masana ita ce a bar tazarar mita 30 aƙalla. Gugan da ake yarwa a taɓon bakin rijiya, inda tumaki ke sha, shi ma yana komawa ciki da guzurinsa. Yanki ne kuma na masara da rake da noman rani, inda ake zuba takin zamani da yawa. Sinadarin naitiret da ke cikinsa na iya tsiyaya cikin rijiyoyi marasa zurfi, kuma in ya haura miligiram 50 a lita yana cutar da jarirai, ya hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire naitiret; tana ma ƙara masa kauri. Awo ne kaɗai ke nuna shi.

Kayan awon nan ba su fi ƙarfin gwamnati ba. Abin auna ragowar kulorin 'yar kwalba ce da ƙwayar da ke sauya launin ruwa cikin minti ɗaya. Ya kamata Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ta riƙa aunawa a bakin famfunan unguwanni da wuraren da 'yan garuwa ke ɗiba, ba a ƙofar matata kaɗai ba, ta karanta sakamakon a rediyo kowane wata, unguwa bayan unguwa. Hukumar RUWASA mai kula da ruwan sha a karkara da ƙananan hukumomin Rogo da Karaye su ma su bi rijiyoyin jama'a sau biyu a shekara, da rani da tsakiyar damina, su liƙa sakamakon a ƙofar mai unguwa, su gyara ko su rufe wadda ta faɗi awo.