Takardun da Mai Neman Rancen Gida Zai Tanada Kafin Ya Je Banki

Da yawa daga cikin ma'aikatan da ke neman rancen gina gida a karon farko sukan koma gida hannu rabbana. Galibi albashinsu bai gaza ba, takardunsu ne ba su cika ba. Ma'aikacin da ke zaune a Ngojin, cikin Ƙaramar Hukumar Potiskum ta Jihar Yobe, ya kamata ya san abin da za a tambaye shi tun kafin ya kashe kuɗin mota.

Bankin Bayar da Rancen Gidaje na Tarayya an kafa shi ne a 1977. A 1992 kuma aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ma'aikaci yake zuba kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa kowane wata. Wanda ya yi wata shida yana zubawa ya cancanci neman rance, da ruwa kashi shida cikin ɗari a shekara, a biya cikin lokacin da bai wuce shekara talatin ba. Ana shigar da buƙatar ne ta hannun ɗaya daga cikin bankunan jinginar gidaje masu lasisi, watau can ne ganawar farko za ta kasance.

Takardar da ta fi kowace nauyi ita ce ta fili, kuma a kanta ne yawancin mutane ke tuntuɓe. Mutum ya sayi fili a gaban bulama ko mai unguwa, shaidu sun sa hannu, maƙwabta duka sun san nasa ne. Wannan ya isa a zauna lafiya a unguwa, amma bai isa a wurin banki ba. Dalili kuwa shi ne, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe amana a madadin jama'a. Abin da mutum yake da shi izinin zama ne a kan filin, shaidarsa kuwa ita ce satifiket ɗin da Gwamna ke sa wa hannu. Shi banki yake riƙewa jingina har a gama biya. Dokar ta kuma ce ba a jinginar da irin wannan fili sai da yardar Gwamna. Saboda haka wanda takardar cinikin unguwa kaɗai ke hannunsa, lalle ne ya fara da ofishin filaye na jiha a Damaturu, a auna filin, a fitar da taswirarsa, a yi masa rajista. Aikin nan yakan ɗauki watanni, don haka shi ya kamata a sa gaba.

Filin gado yana da tasa matsalar. Idan satifiket na ɗauke da sunan mahaifin da ya rasu, ɗa ba zai iya jinginar da shi ba, ko da shi ne babba, sai an raba gado, kotu ta ba da takarda, an mai da sunan kansa. Haka kuma wanda ya sami takardarsa kafin 1991, lokacin da Potiskum take cikin Jihar Barno, yana da kyau ya tabbatar an san da ita a rajistar Jihar Yobe.

Sauran takardun ba su da wuya. Ana bukatar shaidar zubi a Asusun Gidaje, da takardun albashi na watannin baya-bayan nan, da wasiƙa daga wurin aiki, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da katin shaidar ɗan ƙasa da hotuna. Mai niyyar gini zai haɗa da zanen ginin wanda hukuma ta amince da shi, da ƙiyasin kuɗin kayan aiki. Mai sayen ginannen gida kuwa zai kawo wasiƙar tayi daga mai sayarwa da rahoton ƙwararren mai kimanta gidaje.

Akwai wani abu ƙarami da ke ɓata lokaci ƙwarai: bambancin suna. Wani an rubuta shi Muhammadu a takardar fili, Mohammed a ta albashi, Mamman a katin shaida. Ga jami'in banki waɗannan mutum uku ne. Sai a gyara tun da wuri, da takardar rantsuwa daga kotu. Ranar haihuwa ma haka take, domin da ita ake lissafa shekarun da suka rage wa mutum kafin ritaya, su ne kuma ke ƙayyade tsawon lokacin biya.

Kafin ranar ganawa, mai nema ya zauna ya yi lissafi da kansa. Abin da za a riƙa cirewa kowane wata ba a yarda ya wuce sulusin albashi ba. Mai ɗaukar naira dubu casa'in, iyakarsa dubu talatin ke nan, kuma idan akwai bashin ƙungiyar adashi a kansa, ya faɗa tun farko. Ya tafi da takardun asali tare da kwafinsu, ya miƙa kwafin, kada kuma ya bar ta asali a ofis ba tare da karɓar rasit mai hatimi ba.