Zaɓen otal a Barsalona ga fasinjojin jiragen ruwan yawon buɗe ido

Zaɓen otal ga fasinjojin jiragen ruwan yawon buɗe ido shi ne neman masaukin da matafiyi zai kwana kafin ya hau jirgi, ko bayan ya sauka, a birnin da jirgin ke ɗaukar fasinja. Barsalona, babban birnin yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, tana cikin wuraren da aka fi fuskantar wannan lamari, domin tasharta ce kan gaba a Bahar Rum wajen karɓar irin waɗannan jirage. A shekarar 2019 fasinjojin da suka bi ta tashar sun haura miliyan 3. Yawancin otal-otal na bakin ruwa sukan rubuta a tallarsu cewa suna "kusa da tasha", sai dai tashar Barsalona doguwa ce mai sassa da yawa, kuma abin da ya fi shafar matafiyi shi ne hanyar da zai bi da kayansa daga filin jirgin sama zuwa otal, sannan daga otal zuwa inda jirginsa ke ɗaure.

Wa yake buƙatar otal

Jirgin yawon buɗe ido yana amfani da tasha ta hanya biyu. Akwai tashar da yake yada zango da safe ya tashi da yamma, fasinjoji su zaga gari su koma ɗakunansu na cikin jirgi. Waɗannan ba ruwansu da otal. Akwai kuma tashar da tafiya ke farawa ko ƙarewa, inda ake sauke tsofaffin fasinjoji a ɗauki sababbi. Barsalona tana yin aikin biyu, kuma masu fara tafiya ko kammala ta a nan su ne ke neman wurin kwana.

Dalilin isowa kwana ɗaya kafin ranar tashi a bayyane yake. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara, kuma kamfanoni sukan rufe karɓar fasinja awa ɗaya ko fiye kafin lokacin tashi. Wanda ya rasa jirgi, shi zai biya kuɗin bin sa zuwa zango na gaba, wanda zai iya zama Marseille a Faransa ko Palma a tsibirin Mayorka. Haka nan idan akwati ya ɓace a hanya, kwanan da aka yi a gari yakan ba shi damar isowa kafin jirgi ya ɗaga.

Yadda tashar take

Titin La Rambla, mai tsawon kimanin kilomita 1.2, ya gangaro daga dandalin Plaça de Catalunya ya ƙare a bakin ruwa, inda hasumiyar tunawa da Kolumbus take. An gina hasumiyar a 1888, tsayinta mita 60, kuma da ita ake kwatance idan ana maganar nisan otal da tasha. Daf da ita akwai Moll de Barcelona, wato matsayar da ginin World Trade Center yake a kanta. A da ƙanana da matsakaitan jirage sukan ɗaure a nan, fasinja ya sauka ya shiga gari da ƙafa. An rufe tashar arewa ta wannan matsaya ga jiragen yawon buɗe ido a watan Oktoba na 2023, a wani shiri na nesanta jiragen da hayaƙinsu daga unguwannin jama'a.

Manyan jirage suna ɗaurewa ne a Moll Adossat, wata doguwar matsaya da ke jikin katangar da ta kare tashar daga igiyar teku. Gine-ginen fasinja na wurin da haruffa ake kiran su: A, B, C, D, E da sauransu. Ana isa wurin ta gadar Porta d'Europa, wadda aka buɗe a shekarar 2000, gada ce mai ɗagawa don jirage su wuce ta ƙarƙashinta. Daga hasumiyar Kolumbus zuwa gini mafi kusa ya kai kilomita 2, na can ƙarshe kuwa sun fi haka nisa sosai. Akwai hanyar masu tafiya a ƙasa a kan gadar, amma hawa ce mai tsawo, ba inuwa, kuma ba kasafai mai jan akwatuna biyu a zafin watan Yuli yake iya ta ba. Saboda haka kusan babu otal ɗin da za a ce daga ƙofarsa ana takawa zuwa babban jirgi cikin sauƙi. Ko dai a shiga bas ɗin tasha da ke ɗaukar fasinja kusa da hasumiyar, ko a ɗauki tasi.

Kalmar moll a harshen Katalan tana nufin matsayar jirgi, takwararta a Sifaniyanci ita ce muelle. Haka carrer da calle duk titi ne, plaça da plaza duk dandali. Allunan titi da Katalan aka rubuta su, takardun wasu kamfanonin tafiye-tafiye kuma da Sifaniyanci, don haka baƙo kan ga Moll Adossat a allo, ya ga Muelle Adosado a takardarsa, ya zaci wurare biyu ne.

Kusancin taswira

Misalin da ya fi nuna yadda taswira ke yaudarar mai neman ɗaki shi ne otal ɗin W Barcelona, dogon ginin nan mai siffar filafilan jirgin ruwa da Ricardo Bofill ya zana, aka buɗe a 2009. Daga tagoginsa ana hango jiragen da ke Moll Adossat kamar a miƙa hannu. Amma tsakaninsu ruwa ne, mashigar tashar ce ta arewa. Mota sai ta koma baya ta ratsa unguwar Barceloneta, ta bi bakin tsohuwar tasha, ta wuce hasumiyar Kolumbus, kafin ta kama hanyar gada. Mutumin da ya kwana a Poble-sec, inda ko ruwan ba ya gani daga ɗakinsa, zai riga shi isa jirgi.

Unguwanni

Barri Gòtic shi ne tsohon gari, a gabashin La Rambla. Nan ne babban cocin birnin da ragowar ganuwar zamanin Romawa suke, kuma wanda ke da yini ɗaya kacal zai ga abubuwa da yawa ba tare da ya shiga mota ba. Matsalarsa lunguna ne. Da yawansu ƙunci gare su, an hana motoci shiga, sai tasi ya ajiye mutum a bakin babban titi ya ja kayansa a kan daɓen dutse. Ga dattawa da masu ƙananan yara, otal ɗin da ke kan Via Laietana ko Passeig de Colom, inda mota ke tsayawa a ƙofa, ya fi wanda ke can ƙuryar lungu ko da kuwa ya fi shi kyau. Kan La Rambla kanta akwai otal-otal birjik, sai dai hayaniya ba ta yankewa har tsakar dare, kuma titin ya yi suna wajen 'yan sane.

El Raval yana ɗaya gefen La Rambla, ta yamma. Ɗakuna sun fi araha, kuma unguwar cike take da baƙin da suka zauna, musamman 'yan Pakistan da Maroko. Wanda ke neman abincin halal ko wurin salla zai fi samun su a nan. Titunan unguwar sun bambanta ƙwarai da dare, wani da haske da jama'a, na bayansa shiru da duhu, shi ya sa sunan titi ya fi sunan unguwa amfani wajen yanke shawara.

Poble-sec da titin Paral·lel suna gindin dutsen Montjuïc, kuma ta hanyar mota suna cikin wurare mafi kusa da gadar Porta d'Europa. Tashar metro ta Paral·lel tana haɗa layi na 2 da na 3, tasha ɗaya ce tsakaninta da Drassanes da ke ƙasan La Rambla. Ga wanda burinsa kawai ya kwana ya kama jirgi da hantsi, da wuya a sami yankin da ya fi wannan dacewa, ko da yake titunan da suka haura dutsen suna da gangare.

Eixample ita ce faffaɗar unguwar da aka shimfiɗa bisa tsarin injiniya Ildefons Cerdà a ƙarni na 19, tituna miƙaƙƙu masu faɗi, kusurwoyin gine-gine a yanke. Ta fi nisa da ruwa, amma tasi na tsayawa a ƙofar kowane gini, kuma a nan ne Sagrada Família da Casa Batlló da La Pedrera na Antoni Gaudí suke. Mai kwana biyu ko uku kafin tafiya, nisan 'yan mintuna a mota ranar tashi ba wata asara ba ce a wurinsa. Kewayen tashar jirgin ƙasa ta Sants kuwa ya dace da wanda zai zo daga Madrid, tafiyar kimanin awa biyu da rabi a jirgin ƙasa mai gudu, amma ba wurin yawon buɗe ido ba ne.

Daga filin jirgin sama

Filin jirgin sama na El Prat yana kudu maso yammacin birnin, kimanin kilomita 13 daga tsakiyar gari. Bas ɗin Aerobús yana tashi daga ginin T1 da na T2, ya bi ta Plaça d'Espanya ya tsaya a Plaça de Catalunya. Jirgin ƙasa na R2 Nord daga T2 yake tashi, yana tsayawa a Sants da Passeig de Gràcia. Layin metro na L9 Sud ya isa filin, sai dai bai shiga tsakiyar gari kai tsaye ba, dole a sauya layi, abin da ke da wahala ga mai kaya. Tasin birnin, masu launin baƙi da rawaya, da mita suke aiki, kuma akwai ƙayyadadden farashi tsakanin filin jirgin sama da Moll Adossat.

Akwai otal-otal a kewayen filin jirgin saman kansa. Amfaninsu ga wanda ya sauka da tsakar dare ne, ko wanda jirgin komawarsa zai tashi da asuba. In ba haka ba, kwana a can yana nufin an zo Barsalona ba a gan ta ba.

Abubuwan da ake dubawa a otal ɗin kansa

Lokutan otal da na jirgi ba sa haɗuwa. Ranar dawowa akan sallami fasinjoji tun da sassafe, otal kuma ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana. Ranar tafiya akan bar ɗaki da ƙarfe 11 ko 12. Don haka ɗakin ajiyar kaya da teburin karɓar baƙi mai aiki dare da rana suna da muhimmanci fiye da wurin ninƙaya. Wannan ne ma raunin gidajen haya na 'yan kwanaki, inda sau da yawa ba wanda zai karɓi akwati kafin lokacin ba da makulli.

Sai batun hawa bene. Tsofaffin gine-gine da dama ba su da na'urar hawa, wasu kuma tasu ƙarama ce, mutum biyu da jaka ɗaya sun cika ta. Lissafin hawa ma yana da nasa salo: bayan ƙasa akan sami entresuelo, sannan principal, kafin a zo primero, wato "na farko". Ɗakin da aka ce yana hawa na farko zai iya zama na uku idan aka ƙirga matakala. Kalmar hostal kuma takan rikita masu jin Turanci, su ɗauka ɗakin kwanan taro ne na matasa. A Sifaniya hostal ƙaramin masauki ne mai ɗakuna na ƙashin kai, galibi na iyali, a hawa ɗaya ko biyu na wani gini.

Farashi da dokokin birni

Kataloniya ta fara karɓar harajin masu yawon buɗe ido a 2012, Barsalona ta ƙara nata a kai daga 2021. Ana lissafa shi kan kowane mutum a kowane dare, ya danganta da darajar masaukin, kuma sau da yawa a otal ake biyan sa, ba ya cikin farashin da aka gani a intanet. Farashin ɗaki yakan tashi a lokacin bazarar Turai, da makon taron Mobile World Congress a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, da bikin La Mercè na wajen 24 ga Satumba.

Yawan baƙi ya zama batun siyasa a birnin. A 2015 gwamnatin magajiyar gari Ada Colau ta dakatar da ba da lasisin sababbin masaukai, a 2017 kuma aka kafa tsarin da ya hana buɗe sababbin otal a tsakiyar gari. A watan Yuni na 2024 magajin gari Jaume Collboni ya ba da sanarwar cewa lasisin gidajen haya na masu yawon buɗe ido, kimanin 10,000, zai ƙare a watan Nuwamba na 2028. Ɗakunan tsakiyar gari ba ƙaruwa suke ba, shi ya sa masu tafiya a lokacin cunkoso kan kama ɗaki tun watanni kafin ranar.

'Yan Najeriya da Nijar da Gana suna buƙatar bizar Schengen kafin shiga Sifaniya, kuma shaidar wurin kwana tana cikin takardun da ake nema. Idan jirgin zai yada zango a wajen yankin Schengen, kamar Tunis ko Kasablanka, sannan ya dawo, akwai buƙatar biza mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya.

Sauran tashoshi

Barsalona tana da sauƙi idan aka kwatanta da wasu wurare, domin tasha da gari a haɗe suke. Jirgin da aka rubuta zai tashi daga Roma, a zahiri daga Civitavecchia yake tashi, kimanin kilomita 70 daga birnin, sai matafiyi ya zaɓa tsakanin kwana a Roma ya yi sammako ko kwana a ƙaramin garin tashar. Haka yawancin tafiye-tafiyen da ake tallatawa da sunan Landan daga Southampton suke farawa. A Venice kuwa, tun watan Agusta na 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage bi ta mashigin Giudecca, aka karkatar da su zuwa Marghera, wasu kamfanoni suka koma Ravenna ko Trieste, duk da cewa sunan Venice bai fita daga tallarsu ba.