Wa Ke Sauraron Wayarmu, Kuma Da Izinin Wa?

A watan Disamba 2020 gwamnatin Nijeriya ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a lokacin Isa Ali Pantami na ministan sadarwa. Muka bi layi cikin sanyin hunturu, muka ba da suna da hoto da zanen yatsu. Dalilin da aka ba mu shi ne tsaro, wato duk mai garkuwa da mutanen da ya buga waya neman kuɗin fansa, za a gano shi. Ni ma na yarda da wannan dalili, don duk wanda ya san abin da mutanen Zamfara da Katsina da Birnin Gwari ke ciki ba zai ƙi a bi sawun ɓarayin daji ba.

Sai dai bayanan nan amana ce, kuma doka ta san haka. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro, matuƙar an yi bisa doka. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Amma wannan doka ta sauke wa aikin tsaron ƙasa da binciken laifuka da yawa daga cikin sharuɗɗanta. Gefe guda, dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan kiranmu har shekara biyu.

To, me ya rage ya tsare talaka? Alƙali. Ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 sun ce kafin a saurari wayar mutum sai da takardar izinin kotu. Idan lamarin gaggawa ne, kamar rai na cikin haɗari, jami'ai na iya farawa, amma su nemi izinin cikin awa 48. Tsarin yana da kyau a takarda. Damuwata ita ce ana yinsa a ɓoye, kuma na'urar da ke gano maɓoyar ɗan bindiga ita ce dai za ta iya gano ɗan jarida ko ɗan adawa.

Ga kuma sakaci. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya, har da NIN, kan naira 100 kacal. A shekarar ce Pantami da kansa ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da haɗin NIN da layukan waya yadda ya kamata. Ke nan sirrinmu ya fita kasuwa, tsaron da aka yi mana alkawari kuma bai iso ba.

Ban ce a ɗaure wa jami'an tsaro hannu ba. Abin da nake nema shi ne Majalisar Tarayya ta riƙa karɓar rahoto duk shekara, a faɗa wa jama'a izini nawa aka nema, nawa alƙalai suka ƙi, kuma mutum nawa aka ceto. Jami'in da ya saurari waya ba izini, ko ya sayar da bayanan mutane, a gurfanar da shi a kotu kowa ya gani.