Ko Ka Sani? Faratan Kyanwa da Ladabin Yanke Su

Ko ka sani, ya kai mai karatu, cewa kyanwar nan da ka gani kwance lamo bisa buhunan shinkafa a kasuwar Malanbil, garin da ke bakin Kwara a arewacin Binin yana fuskantar Gaya ta ƙasar Nijar, tana ɗauke da farata 18, biyar-biyar a ƙafafun gaba, hurhuɗu a na baya, alhali kuwa in tana tafiya ko motsinta ba ka ji? Dalili shi ne Ubangiji Mai hikima ya sanya mata wata jijiya da ke riƙe ƙashin ƙarshe na kowane yatsa a ɗage, farcen yana ɓoye cikin fata kamar wuƙa cikin kube, ba ya fitowa sai ta ga dama. Saboda haka ƙasa ba ta dakushe shi, ɓera kuma ba ya farga sai ya ji shi a hannu.

Farcen nan ɓawo bisa ɓawo yake girma, in na waje ya tsufa sai ta nemi itace ko tabarma ta yi ta karta har ya suɓuce, sabo mai kaifi ya bayyana, tana kuma barin ƙanshin tafinta a wurin don 'yan'uwanta su san yankinta ne. Wannan ɗabi'a ce da aka halicce ta da ita, duka kuwa ba ya raba ta da ita.

To, wace kyanwa ce ta cancanci a yanke mata farce? A ganina, wadda ke tsaron rumbu ko siton hatsi, tana farauta da dare, tana haye katanga in kare ya biyo ta, lalle a ƙyale ta da makaminta, gama raba ta da shi cutarwa ce ba tare da wata maslaha ba. Masu bukata su ne ta cikin ɗaki da ke cuɗanya da yara, da tsohuwa wadda ƙarfin karta ya ƙare mata. A kuma riƙa duba farce na biyar da ke gefen ƙafar gaba, domin shi ba ya taɓa ƙasa, yakan lanƙwashe har ya nutse cikin tsoka.

Ga yadda ake yi. A bari sai ta ƙoshi, barci ya fara ɗibarta, a ɗora ta bisa cinya, a lulluɓe jikinta da zane, sa'an nan a matsa tafin a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, sai farcen ya leƙo. In aka duba shi a haske za a ga bakinsa fari, cikinsa kuma jaja-jaja. Wannan jan nan jini ne da jijiya, wanda ya taɓa shi ya sa ta azaba, da wuya kuma ta sake yarda da shi. Ɗan ƙugiyar bakin kaɗai za a datse, da abin yanke farce mai kaifi, kada a kusance ta da reza. In jini ya fito a danna garin masara a wurin har ya tsaya. In ta ƙi, a yi biyu yau, saura gobe. Bayan mako biyu ko uku a sake dubawa.

Amma al'adar cire farata ɗungum da wasu ke yi a Amurka, wadda haƙiƙaninta yanke gaɓar ƙarshe ta yatsa ce, dokar Ingila ta haramta ta, jihar Niyok ta Amurka ma ta hana a 2019. Mu kuwa da Buhari da Muslimu suka ruwaito mana azabar matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa, mun fi kowa cancantar ƙyamar zaluntarta.

In kuwa kyanwar da ba a san asalinta ba ta karce ka ko ta cije ka, wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, ka tafi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare yana kama kyanwa, in kuma alamunsa suka bayyana ga mutum magani ya ƙare.